KASUWA DA ZAMANI: Kafa shafi minti biyar ne, riƙonsa shi ne aiki

Duk wanda ya bi hanyar bakin kogi ta Gamkalle da sanyin safiya, tun kafin ya hango majema warin jima ya riga ya sanar da shi inda ya iso. A nan ne, a gaɓar kogin Isa, cikin gunduma ta 4 ta birnin Yamai, ake jiƙa fatun awaki da na tumaki cikin ruwan toka har gashi ya saki, a kankare su, a tsoma su cikin ruwan bagaruwa, a shanya, a shafe su da mai, kana su tafi hannun dukawa su zama takalma da jakunkuna da matasai. Mahauci yakan feɗe akuya cikin ƴan mintoci, amma fatar da ya fitar, in ba a jeme ta ba, kwana biyu sun isa ta ruɓe. Majemi kuwa sai ya yi kwanaki yana juya ta. A wannan mako filin nan zai duba wani aiki na zamani mai irin wannan hali, wato kafa shafin intanet na kanti ko na ma'aikata, da zaɓen manhajar da za ta riƙe shi.

Akwai wani Alhaji a unguwar, ba sai an ambaci sunansa ba, wanda ke saye a hannun majema da dukawa yana kaiwa wuraren baje koli. A wani baje koli da aka yi a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, wata baturiya mai kanti a Turai ta yaba jakunkunansa, ta sayi kaɗan, ta kuma nemi adireshin shafinsa domin ta riƙa ganin sababbin kaya tana aiko da saƙon abin da take so. Alhaji ba shi da shafi. Da ya koma gida sai ya kira ɗan ƙanensa, ɗalibi a jami'a, ya ce masa: "Kai yaro, wannan abin da ake kira shafi, kwana nawa ake yi a gina shi?" Yaron ya ce: "Baba, ai tsakanin magariba da lisha an gama."

Haka kuwa aka yi. Kafin a kira lisha shafi ya tsaya da hotunan jakunkuna. Alhaji ya sa aka buga masa katuna ɗauke da adireshin, aka rubuta shi a allon kanti da jikin ledojin kaya. Shekara na zagayowa yaron ya samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, ya tafi, ya canza lambar waya. Takardar tunin biyan kuɗin suna ta faɗa cikin wani akwatin saƙo nasa da ya daina buɗewa. Wa'adi ya cika, sunan ya kuɓuce, wani can a wata ƙasa ya saye shi. Ranar da baturiyar ta buga adireshin sai ta tarar da tallar caca. Ko ta ɗauka Alhaji ya rufe kanti, ko ta ɗauka ɗan damfara ne, Allah masani. Ba ta dai sake aiko da saƙo ba. Hotuna da bayanin kaya su ma sun tafi, domin kuɗin masaukin shafin ma ba a sabunta ba.

Babu wanda ya ci amanar Alhaji, kuma yaron gaskiya ya faɗa. An dai tambayi tsawon fiɗa, aka manta da tambayar tsawon jima.

MECE CE WANNAN MANHAJA?

A shekara ta 1996 ne Nijar ta samu alamarta ta intanet, wato .ne, aka kuma damƙa riƙonta ga kamfanin SONITEL, wanda daga baya, a 2016, aka haɗe shi da SahelCom suka zama Niger Télécoms. A wancan zamani yawancin shafuka da hannu ake rubuta su cikin harshen kwamfuta, layi bayan layi. Ɗan kasuwa in yana son canza farashi ɗaya, ko darakta in yana son liƙa sanarwa ɗaya, sai an nemo ma'aikacin kwamfuta, a jira shi, a biya shi.

Manhajar tafiyar da shafi, wadda masana ke taƙaita sunanta da haruffan CMS, ita ta kawar da wannan wahala. Tamkar kanti ce da aka riga aka kafa wa kantoci da teburi: mai shi ya shiga da kalmar sirri, ya rubuta abin da yake so, ya ɗora hoto, ya danna, duniya ta gani. Sai dai manhajar ɗaya ce cikin abubuwa uku da shafi ke tsayawa a kansu. Na farko suna, wato adireshin da ake bugawa, wanda hayarsa ake yi shekara-shekara. Na biyu masauki, wato wuri cikin babbar kwamfutar wani kamfani wadda ba ta mutuwa dare da rana, kamar yadda fatake ke sauka wurin fatoma su ajiye kaya. Na uku ita manhajar. Manhajojin da suka fi shahara kyauta ne, kowa na da izinin ɗauka ya yi aiki da su. Suna da masauki kuwa biya ake yi, kuma ranar da aka daina biya ranar suke barin hannun mutum.

MANYAN DA KE KASUWA

Wadda ta fi kowace yaɗuwa ita ce WordPress. Matt Mullenweg na Amurka da Mike Little na Ingila suka fito da ita a 2003, bisa harsashin wata tsohuwar manhaja da Bafaranshe Michel Valdrighi ya rubuta. A yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita suke aiki, kuma tun da daɗewa take kirari da cewa cikin minti biyar ake kafa ta. Ga mai son sayar da kaya akwai ƙarin da ake liƙa mata mai suna WooCommerce, wanda ya fito a 2011.

Sai Joomla, wadda ta ɓalle daga wata manhaja mai suna Mambo a 2005. Sunanta ba baƙo ba ne a kunnen ɗan kasuwa, domin daga kalmar Sawahili "jumla" aka ɗauko shi, kalmar nan ta Larabci da Bahaushe ma ya ara. Tana da tsari mai kyau na raba aiki tsakanin mutane da yawa, amma koyonta ya fi na WordPress ɗaukar lokaci. Drupal kuwa, wadda Dries Buytaert na Beljiyam ya fitar a 2001, babbar mota ce: manyan hukumomi da jami'o'i ke hawanta, kuma ba ta tafiya sai da ƙwararren direba.

Daga Faransa akwai biyu da ya kamata masu aiki da Faransanci su sani. SPIP, ita ma ta 2001, an gina ta ne bisa tsarin gidan jarida: marubuci ya rubuta ya miƙa, shugaba ya duba ya amince, sannan rubutu ya fito. Wannan tsari ya dace da ma'aikatar da ba a fitar da takarda sai da sa hannun darakta. PrestaShop, ta 2007, kanti ce tsantsa, da lissafin kayan da suka rage da takardun biya. Akwai kuma ƙanana irin su PluXml da Grav, waɗanda ba su buƙatar rumbun bayanai na dabam, kwafe su kawai ake yi a zuba cikin masauki. Suna da sauƙin nauyi, sai dai samun wanda ya san su a kusa shi ne wuya.

MINTI BIYAR, SANNAN ME?

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, sauƙin kafawa ya daina bambanta waɗannan manhajoji. Yawancin kamfanonin masauki sun tanadi maɓalli guda: a zaɓi WordPress ko Joomla ko PrestaShop, a rubuta suna da kalmar sirri, a danna, shi ke nan. Saboda haka wanda ya zaɓi manhaja domin ta fi saurin kafuwa, kamar wanda ya zaɓi babur ne domin ya fi saurin fitowa daga kwali, bai tambayi ko akwai kayan gyaransa a Katako ba.

Aikin gaske yana farawa ne washegari. Manhaja tana tsufa, ana gano ɓarakarta, masu ita su fitar da gyara, ɓarayin intanet kuwa su bi sawun waɗanda ba su sabunta ba. Ba su damu da girman kanti ba, domin na'urori ne suke saki suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. A watan Oktoba na 2014 an gano wata babbar ɓaraka a Drupal, har masu manhajar suka sanar da cewa duk shafin da bai yi gyara cikin awa 7 da fitowar sanarwa ba, a ɗauka an riga an shige shi. Tsofaffin zubi kuma akwai ranar da ake daina kula da su: Joomla 3 ta kai ƙarshen wa'adinta a watan Agusta na 2023, Drupal 7 kuma a watan Janairu na 2025. Shafin da ke zaune a kansu har yanzu, gida ne da mai gadi ya ajiye aiki.

WordPress tun 2013 take sabunta ƙananan gyare-gyarenta da kanta, wannan kuwa babban sauƙi ne. Rauninta yana wajen ƙare-ƙaren da ake liƙa mata. Kowane ƙari ƙofa ce, kuma ta nan ɓarayi suka fi shigowa, musamman in ƙarin na kuɗi ne aka samo shi ta bayan gida kyauta. Araha ba ta ado. Shafi mai ƙari biyar da ake sabuntawa ya fi mai talatin da aka manta da su kwanciyar hankali.

TAMBAYOYI HUƊU KAFIN A BIYA KO DALA

Ta farko: da sunan wa aka yi rajistar suna da masauki? Wannan ita ce tambayar da Alhaji bai yi ba. Wajibi ne sunan mai kanti ko na ma'aikata ya kasance a takardar, da akwatin saƙo da lambar wayar da ba za su bi wani yaro ko wani ma'aikaci tafiya ba. Kalmomin sirri a rubuta su a ajiye tare da takardun fili da na lanho. Suna mai ƙarewa da .com yakan ci kimanin Yuro 10 zuwa 15 a shekara, wato jikka 7 zuwa 10 bisa canjin sefa 655,957 kowane Yuro. Kuɗin ba su da yawa, amma sau da yawa da katin banki ake biyansu, kuma katin aro shi ne farkon ɓatan suna. Mai hali ya biya shekara biyu ko uku gaba ɗaya, ya rubuta ranar cikar wa'adi a littafin bashi. Wanda kasuwarsa ta cikin gida ce, ya tambayi sharuɗɗan suna mai .ne, domin yana nuna wa mai saye daga inda kaya suka fito.

Ta biyu: wa zai riƙa ciyar da shafin, kuma da wace na'ura? Yawancin ƴan kasuwa wayar hannu ce ofishinsu. Kafin a sallami wanda ya kafa shafi, mai kanti ko yaron kanti ya zauna gabansa, ya ɗauki hoton jaka da wayarsa, ya ɗora, ya rubuta farashi, ya goge, ya sake. In bai iya ba bayan gwaji uku, manhajar ko tsarinta bai dace da shi ba, komai kyawunta. A gwada buɗe shafin da layin Airtel ko Moov ko Zamani a lokacin da hanya ta cunkushe. Shafin da hotunansa suka yi nauyi yana cinye megar mai saye, shi kuwa ba ya jira. A kuma rubuta ƙaho da ɓawo da ɗaki da ƴaƴa a gani: in haruffa masu lanƙwasa suka fito kamar ƙananan akwatuna, a canza zubin rubutun tun da wuri.

Ta uku: in ta lalace, mutum nawa ne a Yamai za su iya gyara ta? A nan ne yaɗuwar WordPress ke da amfani, domin in wannan ya tafi ana samun wancan. Tun da aka buɗe cibiyar CIPMEN ta renon ƙananan kamfanoni a 2014, matasa masu wannan sana'a sun ƙaru a birni. Ƙwararre yakan so ya gina wa mutum manhaja tasa ta kansa wadda babu mai irinta. Mai kanti ya yi hattara, domin makullin da maƙeri ɗaya kaɗai ya san sirrinsa, ranar da maƙerin ya yi tafiya sai an fasa ƙofa. A yi yarjejeniya a rubuce, a faɗi nawa ne kuɗin kafawa, nawa ne na kulawa kowace shekara, da abin da za a miƙa in an rabu.

Ta huɗu: ina kwafin ajiya yake? Mazauna bakin kogi ba su buƙatar dogon bayani a kan wannan. A daminar 2020, da kogin Isa ya cika ya shiga unguwanni, wanda ya kai takardunsa gidan ɗan'uwa a tudu shi ya same su. Masaukin intanet ma yana da tasa ambaliyar. A daren 9 zuwa 10 ga Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, shafuka miliyoyi suka ɗauke, kuma waɗanda kwafinsu ke cikin ginin da ya ƙone sun rasa kome. Kwafi ɗaya wurin mai masauki, ɗaya a hannun mai shafi, a kuma gwada mayar da shi ko sau ɗaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuma aka ba shawarar ya ajiye kwamfutar shafin cikin kantinsa don gudun kuɗin haya, ya tuna watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke kuran da take ba Nijar, ba a maido da shi ba sai a watan Maris na 2024. Shafi ba ya jiran a tada janareto.

RUMFAR ARO

Mai karatu zai iya cewa: to, ina amfanin wannan wahala, ga Facebook da WhatsApp kyauta, kuma a nan masu saye suke? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Ga mai sayar da atamfa ko turare a cikin gari, wanda ake biya ta Nita ko Amana ko hannu da hannu, jerin kaya na WhatsApp Business yakan wadatar, kuma da a kafa shafin da za a bari ya mutu gara a tsaya a nan. Amma zanen aro ba ya rufe katara. A ranar 4 ga Oktoba na 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa 6 a duniya baki ɗaya. A watan Maris na 2024 kamfanin Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da ya ba masu kantuna, kowa ya nemi inda zai koma. Kamfanoni irin su Wix da Shopify kuwa suna ɗauke wa mutum wahalar sabuntawa da tsaro, kuma aikinsu yana da kyau, sai dai haya ce ta wata-wata da kuɗin waje, kuma ranar tashi ba a ɗaukar ginin a tafi da shi.

Wanda ke neman masu saye daga waje, ko yake shiga neman kwangila, ko yake son banki da abokan hulɗa su ga tsayayyen adireshi, shi ne mai buƙatar shafin kansa. Ko shi ma ba lalle ne ya fara da kanti mai karɓar kuɗi ta kati ba, wanda haɗa shi da banki aiki ne mai zaman kansa. Hotuna masu kyau, bayanin kaya da Faransanci da Hausa, adireshin kanti, da lambar WhatsApp, sun isa a fara.

GA MA'AIKATAN GWAMNATI

Ciwon ma'aikatu dabam yake da na kantuna, amma tushensu ɗaya. Sau nawa ake buɗe shafin wata hukuma a tarar labarin ƙarshe na bikin buɗe shafin ne, shekara huɗu da suka wuce, da hoton daraktan da ya daɗe da barin kujera? Wani shiri ne na masu ba da agaji ya biya kuɗin kafawa, shirin ya ƙare, ba a sa kuɗin kulawa cikin kasafi ba, ma'aikacin da ke riƙe da kalmar sirri kuma aka yi masa canjin wurin aiki. Maganin ba ya cikin manhaja. A sa kuɗin suna da masauki da kulawa cikin kasafin kowace shekara. A naɗa mutum biyu masu riƙe da makulli. A sa kalmomin sirri cikin kayan da ake miƙawa ranar miƙa aiki, kamar hatimi da makullin mota. Ma'aikatar gwamnati ta nemi adireshi ƙarƙashin gouv.ne, ta kuma tuntuɓi hukumar da ke kula da sha'anin fasahar zamani. In shafin zai karɓi sunayen mutane da lambobinsu da takardunsu, a tuna cewa tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai.

A TAƘAICE

Ga ƙaramin kanti ko ƙungiyar masu sana'a, WordPress da ƙare-ƙare kaɗan, a masaukin da ke sabuntawa yana kuma ajiye kwafi, ita ce hanyar da ta fi yawan masu gyara. Ga ma'aikata ko jaridar da rubutu ke bin matakai kafin ya fito, SPIP ko Joomla sun cancanci a duba su, muddin akwai wanda ya san su a kusa. Ga mai kaya ɗaruruwa da ke son lissafi, PrestaShop ko WooCommerce. Drupal a bar wa mai ƙwararru a gida.

Alhajin Gamkalle ya sake kafa shafi da wani suna, ya kuma sake buga katuna. Wannan karo rajistar da sunansa take, kalmar sirri tana cikin akwatin ƙarfe tare da takardar gida, ƴarsa ce ke ɗora hotuna duk ranar Asabar, ranar cikar wa'adi kuma an rubuta ta a bangon kanti kusa da kalanda. Baturiyar dai har yau ba a ji ɗuriyarta ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.